Yadda ake jagorantar rabon ɗakuna da tsara gine-gine a jami'a

Ranar da aka damƙa maka shugabancin tsara gine-gine da rabon wurare a jami'a, kafin kujerar ta ɗauki ɗumin jikinka za ka ga takardu sun fara sauka a teburinka, duk bakinsu ɗaya: wuri ya yi mana kaɗan. Tsangayar kimiyya na neman ƙarin ɗakin gwaje-gwaje. Wani sashe ya ɗauki sababbin malamai uku, suna ta yawo da jakunkunansu a baranda don babu ofis. Ofishin jarrabawa na neman inda zai jibge takardun shekara goma.

Na daɗe ina wannan aiki, kuma ban cika haɗuwa da mai kukan ƙarya ba. Matsin gaskiya ne. Sai dai sau da yawa ɗakin da ake kuka a kai yana nan cikin harabar, an garƙame shi da kwaɗo, mabuɗin kuwa yana aljihun wani da ya yi wata shida bai leƙa ba. Don haka kafin ka bari a ja ka zuwa maganar sabon gini, sai ka san abin da jami'ar ta mallaka, da yadda ake morarsa, da wanda ke da ikon cewa wane ya tashi wane ya shiga. Zanen gini akwai masu yinsa. Naka aikin shi ne wannan.

Abin da za ka tanada

Na farko, zanen kowane gini hawa-hawa. Na tsofaffin gine-gine kan ɓace, ko ya saɓa da abin da ke ƙasa, saboda an toshe ƙofa nan, an raba ɗaki can, ba wanda ya rubuta. Idan babu, sa ma'aikacin awo ya zana da hannu. Mummunan zane mai faɗin gaskiya ya fi kyakkyawa da ya tsufa.

Sai na'urar awo mai hasken leza, in babu ita tef ɗin awo mai tsawon mita 30 da mutum biyu. Sai kwamfuta. Manyan jami'o'i na amfani da manhajoji irin su Archibus, suna haɗa su da zanen AutoCAD, amma kada rashin wannan ya tsayar da kai. Excel ya isa farawa, matuƙar fayil ɗaya ne kuma mutum ɗaya ke da ikon taɓa shi.

Daga sauran ofisoshi ka karɓo jadawalin laccoci na zangon da ake ciki, da adadin ɗaliban da suka yi rajistar kowane kwas, da jerin ma'aikata sashe-sashe, da kundin manufofin jami'ar na shekaru masu zuwa. Kana buƙatar mai riƙe bayanai guda ɗaya wanda ba ya gajiya da lambobi, da 'yan ɗalibai da za a biya su yi ƙidaya. Ka kuma nemi takalmin da ba ya matsi, don rabin aikin nan da ƙafa ake yinsa.

Mataki na 1: Ka sami iko a rubuce

Kada ka ƙwanƙwasa ƙofar kowa sai majalisar gudanarwar jami'a ta amince da wata gajeriyar manufa, shugaban jami'a ya sa hannu. Jigonta jimla ɗaya ce: duk ɗakin da ke harabar na jami'a ne, aro ake ba sashe, kuma ana iya karɓa idan buƙata ta sauya. In babu wannan takarda, duk wanda ka tunkara zai ce maka sashensu ne ya samo kuɗin ginin, ko kuwa tun kafin a haife ka suke ciki.

Manufar ta fayyace wa ke yanke wane hukunci. Sauya wa malamai ofis a cikin sashe ɗaya, a bar wa shugaban sashe. Ɗauke ɗaki daga wannan tsangaya a ba waccan, sai kwamitin rabon wurare. Sauya aikin ɗaki kuwa, musamman mayar da aji ya koma ofis, lallai ne ya bi ta kwamiti komai ƙanƙantar ɗakin. Ta nan azuzuwa ke zurarewa: bana ɗaya, baɗi biyu, sai a wayi gari mai tsara jadawali ya rasa inda zai sa lacca.

Kwamitin ya zama ƙarami. Mataimakin shugaban jami'a mai kula da harkokin karatu ya shugabance shi, tare da ma'aji, da magatakarda, da daraktan ayyuka, da shugabannin tsangaya biyu ko uku da za su riƙa karɓa-karɓa, da wakilin ɗalibai. Kuskuren da aka fi yi shi ne a zuba duk shugabannin tsangayoyi a ciki. Kowa zai zo kare gonarsa, a yi awa uku a tashi ba a tsinana komai ba.

Mataki na 2: Ƙidayar ɗakuna

Gani ya kori ji. Kada ka aika wa sassa takarda su cike maka abin da suke da shi, don ba wanda zai rubuta cewa yana da ɗakin da ba ya amfani da shi. Kai da mutanenka za ku bi gini-gini, ƙofa-ƙofa.

Kowane ɗaki ya sami lamba tasa da ba ta maimaituwa, mai haɗa lambar gini da hawa da ɗaki, a kuma manna ta a saman ƙofa. A gaban lambar ku rubuta faɗinsa a murabba'in mita, daga fuskar bango ta ciki zuwa ta ciki, da sashen da ke riƙe da shi, da aikin da ake yi a ciki, da yawan kujeru ko tebura, da sunan wanda ke zama.

Akwai awo iri biyu da bai kamata ka cakuɗa ba. Akwai faɗin gini gaba ɗaya, har da kaurin bango da matakala da baranda da ban-ɗaki da ɗakin injuna. Akwai kuma faɗin da ake iya raba wa mutane su yi aiki. Na biyun shi ne jarinka. Idan ɗan kwangila ya ce gini murabba'in mita dubu biyar ne, tambaye shi wanne yake nufi, don giɓin da ke tsakaninsu ba ƙarami ba ne.

Wajen kasa ɗakuna gida-gida, ba sai ka ƙirƙiro naka tsari ba. Jami'o'in Amurka na bin wani kundi da ake kira FICM, wanda cibiyar ƙididdigar ilimi ta ƙasar ta fitar, bugun 2006. Lambobin 100 na azuzuwa ne, 200 ɗakunan gwaje-gwaje, 300 ofisoshi, 400 laburare da wuraren nazari, 500 wurare na musamman kamar na wasanni, 600 na amfanin kowa kamar zauren taro, 700 sito da makamantansu, 800 kiwon lafiya, 900 wuraren kwana. A cikin 200 ma ya raba ɗakin koyar da gwaji, 210, da ɗakin bincike, 250. Idan hukumar da ke kula da jami'o'in ƙasarku na da nata tsarin, shi za ka bi, don ita za ka riƙa aika wa rahoto.

Gargaɗi: ka rubuta aikin da ka gani ana yi, ka manta da allon da ke ƙofa. Na taɓa buɗe wani ɗaki da aka rubuta wa "Ɗakin Bincike" da manyan baƙaƙe. Abin da na tarar matattun kwamfutoci ne an jera su har rufi, da karyayyun kujeru, da ƙurar da in ka sa yatsa sai ka yi rubutu. A takarda, sashen na da ɗakunan bincike huɗu. A ƙasa, biyu ne da sito biyu.

Idan an ƙi ba ka mabuɗi, kada ka fasa kwaɗo. Rubuta "ba a buɗe ba", ka kai wa kwamiti jerin. Ka kuma yi abota da masu shara da masu gadi. Su suka san ofishin da rabon a kunna fitilarsa tun bara.

Mataki na 3: Auna yadda ake amfani da azuzuwa

Nan ne za ka fi daɗewa, nan ne kuma za ka sami hujjar da ba ta musuntuwa. Tambaya biyu ake yi wa kowane aji. Awa nawa ake shigarsa a mako? Idan an shiga, kujera nawa ake cikawa?

Ga misali. A ce makon karatunku awa 40 ne, akwai kuma zaure mai kujera 100. An shige shi awa 24, wato kashi 60 cikin 100 na lokacin. A duk shiga, matsakaicin ɗalibai 45 ne, wato kashi 45 cikin 100 na kujerun. Sai ka ninka: 0.60 sau 0.45 ya ba da 0.27. Kashi 27 cikin 100 kawai ake mora na abin da zauren zai iya ɗauka, alhali duk wanda ya wuce ta wajen ranar Talata da hantsi zai rantse zauren ba ya hutawa.

Jadawali kaɗai ba ya faɗin gaskiya. Sassa kan kama ɗaki zango guda don gudun kada wani ya riga su, sai a haɗe rukuni biyu a lacca ɗaya, ko malamin ya koma koyarwa a ofishinsa, ɗakin ya zauna wayam da suna an kama shi. Saboda haka ake ƙidayar ido. Zaɓi mako guda cikakke a tsakiyar zango, kamar na huɗu zuwa na shida. Makon farko ɗalibai ba su gama zuwa ba, daf da jarrabawa kuma zuwa lacca ya ja baya. Raba wa kowane mai ƙidaya ɗakunan da zai iya zagayewa cikin rubu'in awa. Ya leƙa bayan an fara lacca da kamar minti goma sha biyar, ya ƙirga kawuna, ya rubuta, ya wuce ba tare da ya katse malami ba. Ko ɗakin babu kowa, ya rubuta sifili. Wannan sifilin shi ne abin da kake nema.

Ka sanar da malamai tun kafin ranar, ka kuma faɗa musu ƙarara cewa ɗaki ake aunawa, sunan malami ba ya shiga rahoto. Ka cika alkawarin. Ranar da aka yi amfani da ƙidayarka aka tuhumi wani da fashin lacca, ƙofofi sun rufe maka ke nan.

Inda akwai hali, ana amfani da na'urorin ƙirga masu shiga, ko yawan wayoyin da suka hau intanet ɗin ginin. Suna rage wahala, amma mutum ɗaya kan riƙe waya da kwamfuta a ƙirga shi biyu, ga kuma batun sirrin mutane da sai an kiyaye. Ko da su, ni nakan yi ƙidayar ido sau ɗaya a shekara don in gwada.

Abin da kusan kullum ke fitowa shi ne cunkoso a tsakiyar mako daga hantsi zuwa azahar, sannan safiya da yamma da ƙarshen mako ɗakuna na hamma. Na biyu kuma rashin dacewar girma: ɗalibai talatin a zaure mai kujera ɗari biyu, yayin da wasu ɗari da hamsin ke tsaye a taga a wani wurin. Kada dai ka sa burin kai wa kashi 100. Ana buƙatar sarari na shara da gyara da laccar ramuwa. Ɗakin gwaje-gwaje kuwa dole alƙalumansa su gaza na aji, don ana shirya kaya kafin ɗalibai su shigo, a kwashe bayan sun fita. Wanda ya auna su da mudu ɗaya zai zalunci masu kimiyya.

Mataki na 4: Duba lafiyar gine-ginen

Ɗakin da rufinsa ke yoyo, ko fankarsa ta mutu, ko na baya ba ya jin malami, za ka ga ana gudunsa a ƙidayarka, kuma ruwa ba ya tsami banza. Sa injiniyoyi su ƙiyasta kuɗin gyaran da kowane gini ke bin jami'a bashi, a raba shi da kuɗin sake gina irinsa yau. Gwargwadon girman sakamakon, gwargwadon lalacewar. Ka haɗa da duba hanyar fita idan gobara ta tashi, da ko mai keken guragu zai iya kai wa ɗakin, da ko wutar lantarki da ruwan ginin za su ɗauki ƙarin nauyi.

Mataki na 5: Lissafa ainihin buƙata

Yanzu za ka iya amsa masu takardu da lissafi. A ce tsangaya na da ɗalibai 600, kowanne na zaman aji awa 12 a mako. Jimla awa 7,200 ke nan ta zaman kujera. Idan kwamiti ya tsayar cewa kowane aji zai yi aiki awa 30 a mako, ana cika kashi 60 cikin 100 na kujerunsa, to kujera ɗaya na ba da awa 18. Raba 7,200 da 18, ka sami kujera 400. In suna da 550 suna kuka, matsalar jadawali ce ko girman ɗakuna. In 250 gare su, kukansu na kan hanya, kai ne ma za ka zama lauyansu a gaban kwamiti.

Faɗin da kujera ke ci ya danganta da irin koyarwar. Zaure mai kafaffun kujeru hawa-hawa na cin murabba'in mita ɗaya da ɗoriya ga kowane ɗalibi. Ajin da ake jan tebura ana aikin rukuni yakan haura biyu. Don haka idan malamai suka nemi a mayar da tsohon zaure ajin aikin rukuni, ka gaya musu tun farko kujeru za su ragu sosai.

Ƙungiyoyin masu wannan sana'a, irin su TEFMA ta Ostireliya da Niyu Zilan, da SCUP ta Amurka, suna da jagororin da za ka iya dubawa. Ka ɗauke su abin kwatance. Ma'aunin da za ku yi aiki da shi sai kwamitinku ya zauna ya amince da shi, ya zama kowa ya san malami mai wane matsayi ke samun ofis shi kaɗai, wa kuma ke rabawa.

Mataki na 6: Fara da mafita mafi araha

Ni ga jerin da nake bi. A fara da gyara jadawali, a tattara azuzuwa a hannun ofishi ɗaya maimakon kowane sashe ya riƙe nasa. Wannan kaɗai kan warware abin mamaki. In bai isa ba, sassa biyu su yi tarayya a ɗaki. Sai karɓe wanda ba a amfani da shi a ba mabuƙaci. Sai gyara tsohon gini. Sai haya na ɗan lokaci. Sabon gini shi ne na ƙarshe.

Shugabanni na son sabon gini, don shi ake yanke wa ƙyalle. Aikinka ne ka ajiye musu ɗayan lissafin a gaba: wuta, ruwa, shara, gadi da gyara na kowace shekara har ƙarshen rayuwar ginin. Mai ba da gudummawa yakan biya kuɗin ginawa ya sa sunansa ya tafi, ɗawainiyar ta zauna a kasafin kuɗin jami'a.

Mataki na 7: Karɓa da bayarwa

Duk buƙata ta zo a fom guda, da sa hannun shugaban tsangaya, bayan ya tabbatar ya duba cikin gidansa bai samu ba. Buƙatar da aka kawo maka a bakin mota ko wajen taro, ka saurara da fara'a, ka ce a cike fom. Ɗakin binciken da aka bayar saboda wani tallafi, a rubuta ranar da za a sake duba shi idan tallafin ya ƙare. Ofishin wanda ya yi ritaya ko ya tafi dogon hutun bincike, manufa ta faɗi wa'adinsa, don kada ya zama kai ne ka ƙirƙiro saboda wani.

Karɓar ɗaki shi ne wuri mai santsi. A farkon aikina na aika wa wani babban farfesa wasiƙa cewa ya kwashe kayansa daga ɗakinsa na biyu cikin mako biyu. Lissafina daidai ne, littattafai kawai ke kwana a ɗakin. Kafin la'asar maganar ta kai sama, aka soke hukuncin, na kuma yi wata shida ba wanda ke ɗaukar wasiƙata da muhimmanci. Tun daga nan ƙafata ke riga takarda zuwa.

"Ranka ya daɗe, shawara na zo nema," nakan ce bayan an gaisa. "Ɗalibanka biyu na digirin digirgir a matakala suke rubutu. Ga abin da ƙidaya ta nuna. Ya kake ganin za mu yi?"

Sau tari amsar farko ita ce, "Ɗakin nan tun ina ƙaramin malami nake cikinsa." Ka bar shi ya gama. Sannan ka miƙa abin da ka zo da shi: kantocin littattafai a ofishinsa, masu ɗaukar kaya, ranar da shi zai zaɓa. Mutum na iya sakin ɗaki idan ba a taɓa mutuncinsa ba. Bayan an daidaita sai wasiƙa ta biyo, ta tabbatar da abin da aka riga aka yarda.

Mataki na 8: Ka ajiye wurin saukar baƙi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ba za ka iya gyara gini mutane na ciki ba, don haka ka riƙe wasu ɗakuna a hannunka, inda sashe zai sauka kafin a gama masa aiki. Za a yi ta roƙonka su, kada ka saki. Ka jera ƙaura bi da bi a takarda, wa zai tashi kafin wa ya shiga, a yi ta lokacin hutu, a tabbatar wuta da intanet da mabuɗai sun riga mutane isa.

Ka yi hattara da kalmar "wucin gadi". A jami'ar MIT ta Amurka an kafa wani ginin katako a 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, don binciken rada, na'urar hango jiragen sama daga nesa, da niyyar rushe shi bayan yaƙi. Ana kiransa Gini na 20. Sai 1998 aka rushe shi. Duk wanda ka saukar na ɗan lokaci, ranar tashinsa ta kasance a rubuce da sa hannunsa.

Mataki na 9: Babban tsarin haraba

Sai ka mallaki waɗannan bayanai sannan ka kira masu zana babban tsari na shekara goma ko ashirin. In ka kira su tun farko, hotuna masu kyau za su kawo maka. Abin da za ka tsaya a kai kaɗan ne: filayen da aka keɓe wa gaba kada a yanka su don ƙananan gine-gine, hanyar bututu da wayoyi a shata ta kafin a gina komai a kanta, azuzuwa kuma su taru inda ɗalibi zai iya tafiya da ƙafa daga lacca zuwa lacca cikin tazarar da jadawali ya bayar. Ka taka tafiyar da kanka da agogo a hannu, har da hawan matakala. A sake duba tsarin duk shekara biyar.

Mataki na 10: Kada bayanan su tsufa

Ka ɗaure rumbun bayananka da aikin yau da kullum. Sashen ayyuka ba zai yanka mabuɗi, ko ya kafa bangon raba ɗaki, ko ya sauya allon ƙofa ba, sai da lambar ɗakin da amincewar ofishinka. Sau ɗaya a shekara ka aika wa kowane shugaban sashe jerin ɗakunansa ya gyara ya sa hannu, kai kuma ka zaɓi wasu ka je ka duba ba tare da sanarwa ba. Sashen da bai dawo da nasa jerin ba, buƙatarsa ta ƙarin ɗaki ba ta shiga ajandar kwamiti sai ranar da ya kawo.